Toron Giwa a Ƙofar Gidan Surukai

Wahala na sha ta iri-iri a duniyar nan. Na yi dako a tashar Funtua ina saurayi, na yi noman auduga a shekarar da tsutsa ta cinye ta tas, na kwana a gindin mota a hanyar Zariya. Duk waɗannan sun wuce, wasu ma sai an tuna mini. Amma akwai guda ɗaya da ko daga barci aka tashe ni ba zan manta da ita ba, don ita da kuɗina na sayo ta, har na yi ta murna ranar da na kawo ta gida.

Babur ne. Ba irin ƙananan nan da kowa ya sani ba, da ake ɗaure wa buhun masara a baya, a ɗora mata da akuya a gaba. Wani ƙaton abu ne na Turawa masu yawon duniya. Zamanin mulkin farar hula ne, kafin soja su dawo. Auduga ta yi, masara ta yi, na dawo daga fuloti, inda ake awon auduga, aljihuna ya yi nauyi, kaina ya yi sauƙi. Sai na ji wani Bature da ya gama aikin gona a Funtua zai koma ƙasarsu, yana sayar da kayansa. Na je don in ga tukunyar gas, na dawo da babur.

Shi Baturen bai cuce ni ba, kada in ɗauki alhakinsa. Da Hausarsa mai karyayyen baya ya ce mini, "Wannan na kwalta ne. Ba na gona ba." Na ce to. (In mutum ya riga ya so abu, kunnuwansa ado ne kawai.)

Gaskiya ɗaya ce, abin yana da daɗi. Akwai gilashi a gaba, iska ba ta dukan ƙirjinka, ƙwaro ba ya faɗa maka a ido. Kujerarsa kamar ta falon mai kuɗi, ta baya har da majingina. Akwati a dama, akwati a hagu, akwati a baya. Ga rediyo, ga wurin sa kaset. Injinsa ba ya ihu irin na sauran, gurnani yake yi daga ƙasa, ka ji shi a cikin hanjinka. In ka hau shi daga Funtua zuwa Malumfashi, sai ka sauka bayanka bai san ka yi tafiya ba, babbar rigarka ko tattarewa ba ta yi ba. Mutanen garinmu, da ke bakin kwalta tsakanin garuruwan biyu, suka sa masa suna Toron Giwa. Ni kuma tun daga ranar na zama Alhaji a bakin mutane, alhali ko filin jirgi ban taɓa leƙawa ba.

To wannan fuskarsa ta farko ke nan. Ta biyun sai da aka kwana biyu na gan ta. Ko da yake tun ranar farko ma sai da aka fasa ƙofar zaure kafin ya shiga. Ba shi da ribas, in ka kai shi lungu sai ka tara jama'a su ja shi da baya. Mai kuwa shan ruwa yake yi masa. Da wani abu ya fara ƙara a cikinsa na kai wa makanike, ya zagaya shi sau biyu, ya goge hannu da tsumma, ya ce in gwada Kaduna. Abin da ya fi ba ni haushi, duk girman nan nasa babu inda za ka ɗaura buhu. Lokacin sa taki, jakin maƙwabcina na ara, ina biye da shi a ƙasa, Toron Giwa na zaure yana hutawa.

Matata Habi tun ranar farko ta leƙo ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Malam, abin hawa ka sayo ko ɗaki?"

Na ce, "Ke ba ki san duniya ba."

Ta ce, "Haka ne," ta koma kan dakanta.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Inna, don in ba ku san ta ba, ba za ku gane abin da na yi asara ba. Ita ce mahaifiyar Habi, tana wani ƙauye can bayan Gozaki tare da mijinta, Baba Idi. Ni uwata ta rasu tun ban yi wayo ba, ban ma riƙe kamanninta ba. Na fi shekara ashirin ina auren Habi, kuma duk kaka sai saƙon Inna ya iso: man shanu a kwalba, daddawa, busasshiyar kuɓewa, wani lokaci har da hular da ta sa aka ɗinka. Amma tsawon shekarun nan, ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta taɓa duban fuskata ba. Kunyar surukai ce irin ta mutanen da. In na je gaisuwa, ina bayan danga, tana ciki. Sai ta ce wa Habi, "Ki tambayi mai gidan naki ko ya ci abinci," alhali ina jin ta, tana ji na. Ni ma haka na saba, kuma ban taɓa jin an so ni kamar yadda nake ji a cikin wannan tambayar ba.

Ba su taɓa ganin babur ɗin ba, labari kawai suka ji. Ina ta shirin in kai shi da Sallah, a gan ni.

Ana tsakiyar marka, ruwa ba ya ɗagawa, sai ga Ishaya da hantsi a kan kekensa, wando naɗe har gwiwa, duk ya jiƙe. Ishaya maƙwabcinsu Baba Idi ne, Kirista, tare suka tashi da yayyen Habi, ita ma Yaya take ce masa. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Ya ce, "Jikin Inna ne. Tun shekaranjiya ba ta sa komai a baki ba. Ta ce a zo mata da Habi." Ya goge fuska. "Ta kuma ce a zo da kai. Sunanka ta kira."

Na ce, "Sunana?"

"Da bakinta. Ina tsakar gida na ji."

Tsohuwar da ta riƙe kunya shekara da shekaru ba za ta sake ta a banza ba. Akwai abin da take so ta faɗa mini, ni da kaina, kuma ta san lokaci ya ƙure.

Ishaya ya ce, "Ka ari ƙaramin babur a maƙwabta. Rafin hanyar yanke ya kawo, amma 'yan fito na nan, suna tsallakar da babura a kai."

Habi na ɗaura gyale ta ce, "Malam, ka ji abin da Yaya ya ce."

Na ce, "Ina da nawa a zaure in je aron na wani? Wannan kafin ki gama addu'ar hawa mun isa."

Ishaya ya haye kekensa ya juya. Mu kuma sai da aka samo mutane suka taya ni fito da Toron Giwa daga zaure da baya.

A kan kwalta kam ya yi aikinsa. Muka wuce Ishaya kamar yana tsaye, har na danna masa hon. Daga inda muka sauka burji labari ya fara canzawa. Abin ya riƙa wutsil-wutsil da gindi kamar saniya a kan santsi, ina tafe ƙafafu biyu a ƙasa, Habi ta riƙe majingina tana salati. Da ƙyar muka kai mashigin rafi.

Ruwa ja wur, yana gudu, ya kai wa mutum ƙirji. Ga 'yan fito nan, ƙarti majiya ƙarfi, mutum biyu su ɗaga babur su aza a kafaɗa su tsallaka kamar sun ɗauki damin dawa. Da suka gan mu duk suka bar abin da suke yi suka taru.

Babbansu ya zagaya shi, ya dafa, ya ɗan girgiza. Ya ce, "Alhaji, mu fa babura muke ɗauka. Motoci ta gada suke bi."

Aka yi dariya. Na ce su gwada, zan yi musu alheri. Suka zura sanduna ta ƙasa, suka taru kansa, suka yi kirari, suka ɗaga. Taku kaɗan cikin ruwa na gaba ya nutse har wuya, ya yi ihu a koma. Suka dire shi a bakin gaɓa suna haki. Ana cikin haka sai ga Ishaya ya iso, a hankali, yana ƙiiƙii da kekensa. Ya sauka, ya ɗaga keken da hannu biyu ya ɗora a ka.

Babban 'yan fito ya ce, "Ka bar shi nan gindin ɗorawa, Alhaji. Ba mai taɓa shi. Wa ma zai iya sace wannan? Ku tsallaka, ƙauyen ai ba nisa daga nan."

Shawara ce ta gaskiya, ko jariri ya san haka. Na dubi babur, na dubi hadarin da ke haɗowa ta gabas, na tuna rediyo da kujera a cikin ruwan sama. Na kuma tuna, Allah ya yafe mini, cewa in na bar shi nan, a ƙasa zan shiga garin surukaina, laka har gwiwa, kamar kowa.

Na ce, "Za mu zagaya ta Malumfashi. Kwalta ce, yanzu-yanzu ne."

Habi ba ta taɓa musa mini a gaban mutane ba. Ranar ta sauko daga kujerar, ta tattare zane, ta ce, "Malam, uwata ce ke kwance. Zan bi Yaya Ishaya."

Na ce, "Je ki. Kafin ki wanke ƙafa na iso."

Ta shiga ruwa ba ta waiwayo ba.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi dalla-dalla. Juya shi kawai a bakin rafin nan sai da 'yan fito suka sake taruwa. Na koma kwalta, na buɗe masa wuta, na ce yau za a ga aiki. Ina hango Malumfashi ya yi tari ya mutu, mai ya ƙare, don wahalar burji ta shanye abin da na auna zai kai ni. Gidan mai babu mai. Na bar shi a bakin hanya na shiga gari neman na galan, na dawo na tarar da jama'a sun yi masa zobe, ana gardama ko injin jirgin sama ne a cikinsa. Kuma ku ji halin ɗan Adam: har na tsaya ina amsa tambaya. Surukata na can tana jiran ƙarar babur ɗina, ni ina nuna wa masu sayar da rake inda ake sa kaset.

Daga nan na kama hanyar Kafur, na sake sauka burji, ruwa ya sauko. Laka ta riƙa cushewa tsakanin taya da murfinta har tayar ta daina juyawa. In sauka, in samo tsinke, in ƙwaƙule, in hau, in yi 'yar tafiya, ta sake cikawa. Masu kekuna suna wuce ni suna "Sannu Alhaji." Wata tsohuwa mai tallan gyaɗa ta wuce ni, na wuce ta, ta sake wuce ni. A karo na ƙarshe ta ce, "Ɗana, sauri dai ya haifi nawa."

Bayan la'asar na shiga ƙauyen. Tun daga nesa na hango abin da nake tsoro. Maza sun cika ƙofar gidan Baba Idi, ana gyara sahu, ga makara a gaba an lulluɓe ta da tabarma.

Na rasa ta. Abin da ya rage mini kawai in samu sallar.

To ga inda al'ada ta kama ni. Tun da na auri Habi, ban taɓa isa ƙofar gidan nan a kan abin hawa ba. Ba a yi. Suruki daga gindin kukar bakin unguwa yake sauka, ya tuɓe takalmi, ya tura kekensa ko babur ɗinsa da hannu har ya iso. Jikina ya saba, bai ma yi shawara da ni ba. Ina kaiwa gindin kuka na kashe inji, na bar makulli a jiki, na zuro ƙafa na sauka zan tura. Abin da jikina bai sani ba shi ne, keke daban, Toron Giwa daban.

Ƙasa ta sha ruwa. Ƙafata ta zame, ya karkato, na ce zan tare shi. Wa ya ga ɗan Adam ya tare giwa? Ya kwanta a kaina gaba ɗaya, ƙafar dama a ƙarƙashinsa, salansa, bututun hayaƙin nan mai zafi, ta manne mini a ƙwauri, babbar riga ta naɗe ni kamar ƙunshin goro. Gwiwar hannuna kuma ta daki wani maɓalli.

Liman ya ce, "Allahu Akbar."

Kaset ya ce ga ni.

Kaset ne na wani biki da aka ɗauka a garinmu, da shi nake burge mutane ranar kasuwa. Kiɗan kalangu ya tashi, mai ƙarfi, tas-tas, don abin Turawa ba ya shaƙewa. Maroƙi na wasa ango. Can sai mata suka rangaɗa guɗa.

Guɗa, jama'a. A kan gawar Inna.

Sallar gawa ba a yanke ta. Babu wanda ya juyo, babu wanda ya motsa. Bayan mutane kawai nake gani, sun ƙame, da ƙeyar Baba Idi a sahun gaba. Ina miƙa hannu, maɓallin na can ƙarƙashi cikin laka. Na so in yi ihu, na tuna salla ake yi. Na so ƙasa ta buɗe, ita kuma ta riga ta yi iyakar ƙoƙarinta.

Ishaya ne kaɗai ba ya cikin sahu, yana tsaye gefe da hula a hannu. Ya sheƙo da gudu, ya kama babur ya ja, ko gezau. Ya durƙusa yana lalube, ya danna wani abu, hon ya yi ƙara. Ya danna wani, kiɗan ya ƙaru. Da ya rasa dabara sai ya tuɓe rigarsa ya cusa a bakin lasifikar, ya kwanta a kai da cikinsa. Haka muka ƙarasa sauran kabbarorin, ni a ƙasa, babur a kaina, Ishaya a kan babur, kalangu na fitowa ta ƙarƙashin haƙarƙarinsa kamar daga cikin rijiya. Fuskarsa na dab da tawa. Hawaye yake yi. Ya ce a hankali, "Yi haƙuri, ɗan'uwa, yanzu za su sallame."

Da aka yi sallama mutane suka zo suka ɗaga shi, wani ya murɗa makulli, duniya ta yi tsit. Da ma dariya aka yi mini da na ji sauƙi. Ba wanda ya yi. Baba Idi ya tako a hankali, tsoho mai sanda, mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ya dube ni a kwance cikin taɓo, ba hula, ba takalmi.

Ya ce, "Sannu da hanya. An gama kiɗan? To za mu kai ta."

Ƙafar ta ƙi taka ƙasa. Aka ɗauke ni ranga-ranga aka ajiye a zaure, aka ɗauki Inna aka yi makabarta da ita. Ban same ta da rai ba, ban samu sallarta ba, ban samu rakiyarta ba. Ni da nake da abin hawan da ya fi na kowa gudu a ƙasar.

Bayan magariba Habi ta shigo da man shanu a murfin kwano, ta zauna tana shafa mini a ƙunar. Idanunta sun kumbura. Ba ta yi mini faɗa ba, har yau kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Na ce, "Kin same ta?"

"Na same ta. Har ta sha ruwa a hannuna."

Na ce, "Me take so ta gaya mini?"

"Ba ta faɗa ba. Ta ce naka ne, sai ka zo." Ta ci gaba da shafawa. "Tana ta tambaya, ya iso? In ce yana hanya. Can ta buɗe ido ta ce, to ba an ce abin nan nasa gudu gare shi ba?"

Shi ke nan abin da na samu. Na yi shekaru ina juya maganar da ba a faɗa ba. Wata rana in ce amanar Habi za ta ba ni, wata rana in ce yafiya za ta nema, ita da ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Wata rana kuma in ce ƙila so take kawai ta ga fuskar mutumin da ta yi shekaru tana aika wa daddawa.

Yanzu in samari sun zo suna nuna mini hoton irin waɗannan manyan babura, suna tambaya ko gaskiya ne na taɓa mallakar ɗaya, nakan ce gaskiya ne, kuma duk daɗin da aka ce yana da shi, yana da shi. Sai dai kafin ka saya, ka kwantar da shi a ƙasa ka gwada ɗagawa kai kaɗai. In ka kasa, to ba kai ka saye shi ba, shi ya saye ka. Kuma ka tambayi kanka ko mutanen da kake ƙauna a bakin kwalta suke zaune. Nawa ba a nan suke ba.

Washegarin jana'izar da sassafe na ari sandar Baba Idi. Toron Giwa na nan gindin kuka inda aka jingine shi, kaza ta kwana a kan kujerarsa ta yi abin da kaji ke yi. Ban kore ta ba. Na ce wa Ishaya ya nuna mini wurin. Muka tafi a ƙasa, ina ɗingishi, yana jira na. Da muka kai ya nuna mini sabuwar ƙasa da aka jera wa ƙaya, ya koma nesa ya tsaya.

Na yi mata addu'ar da na iya, ba ta da yawa. Sannan na ce, "Inna, na iso."